Sojan Da Na Binne Da Bakina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, kullum sai in ce nawa ba mai faɗuwa ba ne. To yau dai na gaji da riƙe shi. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne a Shamaki, cikin garin Gombe, irin samarin nan da ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya. Iyayena mutanen ƙasar Katsina ne, fatauci ya kawo su. Makaranta ko firamare ban ƙarasa ba na ce kaina ya cika. Aka kai ni wurin tela, na kakkarya masa allurai na gudu. Aka kai ni gyaran keke, na koyi faci da ɗaura sarƙa, na ce na ƙware. Daga nan na shiga bin mota. Shekarun yaƙin basasa duk ba na gari, ina can tsakanin Jos da Kano ina ɗaure kaya da zagin fasinja, ko a gida ba a san takamaiman inda nake ba. Abu ɗaya ne yake burge ni a duniya, shi ne kaki. Na taɓa zuwa har ƙofar bariki ranar da ake ɗaukar sabbin soja, na shiga layi, da na ga an sauke wani daga mota ba ƙafa sai na sulale na koma tasha. Wannan shi ne iyakar yaƙina.

A garinmu akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji, mu dai mazan jiya muke ce musu. Tun ina yaro na san su. Tsofaffi ne waɗanda Turawa suka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, suna da wani ɗaki na ƙasa mai rufin kwano, da tsamiya babba a bayansa. A can suke zama. Aikinsu a da ba shi da yawa, kuma ba na neman abin duniya ba ne. In ɗayansu ya rasu su ne a gaba wurin haƙan kabari. In ya bar mata da yara, su za su riƙa leƙawa da tiyar dawa. In ranar fansho ta zo, mai ido ya ja makaho, mai ƙafa ya goya gurgu. Akwai ma wani da in aka yi tsawa da damina sai ya shige ƙarƙashin gado yana ihu, su ne suke zuwa su zauna da shi har hadari ya wuce. Muna yara mukan bi su muna ƙamewa muna sara musu don tsokana, su kuma su kore mu da sanda.

Bayan an gama yaƙin basasa sai abin ya canja. Samari suka dawo da yawa, an sallame su, ba aikin yi. Can kuma kuɗin mai ya shigo ƙasa, gari ya haukace. Bankuna suka buɗe, manyan sito-sito na siminti da kwano suka cika, masu hali suka fara gine-gine har wajen unguwar Malam Inna, kowa yana neman maigadi, kuma kowa cewa yake sai tsohon soja. Nan da nan ƙungiyar mazan jiya ta zama ƙofar samun aiki. Aka shafe ɗakin ƙasar nan da siminti, aka sa tebur da fanka, aka naɗa wani matashi sakatare, mai babur da baƙin gilashi. Shi yake karɓo kwangilar gadi ya rarraba. Tsofaffin aka bar musu gindin tsamiya.

Ni kuma na dawo gida ba ko sisi, ina ganin sa'o'ina cikin kaki da hula suna tsaye ƙofar banki, 'yan mata na gaishe su. Sai shaiɗan ya raya mini. Na je gwanjo na sayi rigar soja wadda ta sha jiki, na sa aka yi mini aski ƙwal. Maganar yaƙi kuwa ina da malami. Kusa da gidanmu akwai wani Inyamuri mai walda, wanda ya dawo shagonsa bayan yaƙi. Shi ya yi yaƙin da gaske, a ɗaya ɓangaren. Ba ya son zancen, amma in na matsa masa yakan faɗi sunan wani kogi ko wani gari, ko yadda ƙarar igwa take in tana zuwa kanka da yadda take in za ta wuce. Duk na haddace. Ranar da ya gan ni cikin rigar sai da ya ajiye ƙarfen hannunsa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ga Janar ɗin tashar mota ya iso. Da ya gama dariyar sai ya ce, da Hausarsa ta Inyamurai, aboki wannan riga tana da mai ita, ka yi hankali.

Sakatare bai wahalar da ni ba. Mutane yake nema, kwangila ta yi masa yawa. Na ce takarduna sun ƙone, ya ce na kowa ma sun ƙone, in zo ran Litinin. Amma akwai sharaɗi ɗaya da tsofaffin suka ƙi saki, duk da an ƙwace musu komai. Ba mai zama ɗan ƙungiya sai ya tsaya gindin tsamiya ranar Juma'a bayan la'asar ya faɗi wanda ya bari a can. Al'adarsu ce tun dawowarsu daga Bama. Sun ce ba sojan da ya dawo shi kaɗai, kowa akwai wanda ya faɗi kusa da shi. To wannan mamacin ya zama kayanka. Duk Juma'a in an yi fareti, babbansu zai kira sunan mamacin, kai kuma ka amsa masa, ka ce yana nan. In kuma yana da dangi da ba su ji yadda ya cika ba, kai za ka je ka gaya musu da bakinka. Sakatare ya ce mini kar in damu, wasan tsofaffi ne, in faɗi kowane suna a wuce wurin.

Babban nasu wani tsohon Saje ne, dogo, busasshe, kunnensa ɗaya ya mutu tun Bama, in zai saurare ka sai ya juyo da gefen fuskarsa kamar zakara. Na tsaya gabansa na ƙame. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce yaro, wa ka bari? Na buɗe baki, wani suna ya fito, da sunan uba. Wallahi ban shirya shi ba. Ya ce mutumin ina ne? Da safen nan na ga motar albasa daga Kwadon, wani ƙauye kusa da Gombe, sai na ce Kwadon. Ya ce in kwatanta shi. Na ce baƙi ne siriri mai wushirya, kuma ɗan yatsansa na hannun dama guntu ne, injin niƙa ya taɓa cinye shi. Har yau ban san daga inda wannan yatsan ya zo mini ba. Ya ce yaya ya cika? Nan na saki baki. Na ce a bakin kogi ne, harsashi ya same shi a ciki, na ja shi ƙarƙashin wata bishiya, ya ce ƙishi yake ji, na ɗebo ruwa a hulata na ba shi, ya sha, ya yi kalmar shahada, ya cika a hannuna. Na faɗa da kyau har ni kaina sai da na ji idona ya kawo ruwa.

Ba iska, amma sai ga ɗan tsamiya ya faɗo daidai tsakanin ƙafafuna. Can daga baya wani tsohon Kofur, mai sayar da goro, ya ce innalillahi, ai ya san gidan. Ya ce yaron nan ɗan wata dattijuwa ce mai shanyar albasa a Kwadon, shi kaɗai gare ta, ya tafi yaƙi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ya ce wushiryar haka take, yatsan ma haka yake. A nan ya kamata in ce ƙarya nake. Kalma ɗaya ce. Amma tsofaffi sun riga sun miƙe suna dafa kafaɗata, Saje yana cewa Allah ne ya kawo ni don a sauke wa baiwar Allah nan nauyi.

Ranar kasuwar Kwadon muka tafi, ni da Saje da Kofur. Gidan ƙarami ne, tsakar gida duk albasa a shanye. Abin da na fara gani da muka shiga zaure shi ne keke a rataye da igiya a jikin azara, an goge shi yana ƙyalli. Kofur ya raɗa mini cewa na yaron ne, kuma duk ranar kasuwa uwar takan sauko da shi ta yi masa famfo da kanta, wai kar ya dawo ya tarar da taya a kwance. Ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta zauna a bakin ƙofa. Bayanta akwai matar yaron, wadda ya aura dab da tafiyarsa, tana zaune shekara da shekaru tana jira saboda surukar ta roƙe ta. Saje ya ce Inna, ga wanda ɗanki ya cika a hannunsa. Na maimaita labarin kogi. Ba ta yi kuka ba. Tambaya biyu ta yi mini. Ta ce ya sha ruwan sosai, ko leɓe kawai ya jiƙa? Na ce ya sha har ya ƙoshi. Ta ce an juya shi gabas? Na ce ni na juya shi. Sai ta jawo hannun rigata ta kai hancinta, ta daɗe tana shaƙa, ta ce alhamdulillahi, yau za ta yi barci.

Aka yi sadaka, na ci wainar sadakar. Matar ta shiga takaba, da ta fita ta yi aure a can cikin garin. Tsohuwar kuwa ta sa aka sauko da keken ta ce nawa ne, wanda ya shayar da ɗanta shi ne ɗanta. Tun daga ranar ba ta kirana da komai sai ɗana. In motar Kwadon ta shigo Gombe sai an kawo mini albasa ko gyaɗa. Ni kuma na sami aikin gadin rana a wani sito na siminti a hanyar Malam Inna, ga kaki, ga hula, ga keke. Duk Juma'a Saje ya kira sunan, in buga ƙafa in ce yana nan, Saje. Da farko gabana yakan faɗi. Daga baya na saba. Har na fara gaya wa kaina cewa ai alheri na yi, tunda yaron dai ya mutu a wani wuri, ni kawai na ba uwarsa mutuwa mai kyau.

Aka ci damina, aka ci rani, aka sake shiga bazara. Wata rana da tsakar rana, irin zafin Gombe da ko kare ba ya fita, ina zaune ƙofar sito, keken yana jingine da bango. Titi ba kowa. Na ɗaga kai sai na ga mutum tsaye a tsallaken hanya. Ban ga zuwansa ba. Siriri ne ƙwarai, wandonsa kaki ne da ya koma kalar ƙasa, ba takalmi, kuma ƙasar nan ta yi zafin da ba a taka ta. Ba ni yake kallo ba, keken yake kallo. Na daka masa tsawa irin ta masu gadi, bai ko motsa ba. Can ya tsallako a hankali, ya durƙusa, ya danna tayar baya da hannun dama. Na ga yatsan. Ya ɗago ya yi murmushi, na ga wushiryar. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar wanda ya daɗe bai yi magana ba, wannan ta bayan tana sace iska, sai an canja mata bawul. Ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, ya saurari ƙarar har ta mutu, ya juya ya tafi. Tayar bayan nan tun ranar da aka ba ni keken take sacewa.

Washegari ya dawo, daidai wannan lokaci. Jibi ma haka. Ba ya roƙo, ba ya magana, ya tsaya ya kalli keken ya tafi. Na daina cin abincin rana. Ranar Juma'a muna fareti, Saje ya kira sunan, kafin in buɗe baki sai wata murya daga bayan katanga ta ce yana nan. Saje bai ji ba, ta gefen mataccen kunnensa ne. Amma Kofur ya ji, na ga goron da yake tauna ya tsaya a bakinsa. Aka leƙa bayan katanga, ba kowa sai awaki.

Bayan kwana kaɗan labari ya zo daga Kwadon. Wai wani abu ya shiga garin da rana tsaka cikin siffar marigayin. Mata suka watsar da tallansu, yara suka bi shi da jifa daga nesa. Ya tafi kai tsaye har ƙofar gidan, ya yi sallama, ya ce Inna. Tsohuwar ta leƙo, ta gan shi, ta maida ƙofa ta danne da turmi. Daga ciki take karanta duk abin da ta iya, tana cewa ɗanta ya cika da shahada a bakin kogi, ya sha ruwa, an juya shi gabas, tana da shaida, kai ko wane ne ka koma inda Allah ya ajiye ka, kar ka ɓata masa kwanciya. Ya daɗe tsaye a rana. Matarsa ta da, wadda ta sake aure har cikinta ya tsufa, da aka gaya mata sai ta faɗi sumammiya. Malamai suka ce aljani ne ya ari fuskar mamaci. Ba mai sayar masa da abinci, ba mai karɓar gaisuwarsa. In ya zauna a rumfa, kowa ya tashi.

Na je wurin maƙwabcina mai walda, don shi kaɗai ya san asirina. Ranar bai yi dariya ba. Ya kashe injinsa ya ce irin waɗannan suna da yawa, ta kowane ɓangare. Wani an kama shi, wani ƙarar igwa ta juya masa kai ya bi daji, wani yana can yana noma a gonar wanda bai san yarensa ba, sai bayan shekaru wani abu ya faɗo masa ya kamo hanyar gida. Ya ce a garinsu in wanda aka yi wa makoki ya dawo, ba a gudu. Ƙasa ake ɗiba a watsa masa. In bai ɓace ba, sai a rungume shi. Ya ce shi kansa sai da uwarsa ta watsa masa ƙasa. Sannan ya nuna ni da ƙarfen walda ya ce Janar, kai ka kashe mutumin nan, kai kaɗai za ka iya tashinsa, je ka buɗe baki.

Na san gaskiya ya faɗa. Amma zamanin mulkin soja ne. Wanda aka kama yana sojan gona, bariki ake kai shi, kuma na ga yadda ake fitowa da mutane daga can. Ga aiki, ga mutuncin da na samu karon farko a rayuwata, mahaifina har ya fara aikena wurin mutane yana cewa ɗana soja. Ga kuma tsohuwar da take ce mini ɗana. Na ce bari in jira, wataƙila ya tafi da kansa.

Kofur ne ya kamo hannun mutumin ya kawo shi gindin tsamiya wata Juma'a. Shi ya ce ya taɓa gawa da yawa a Bama, ya san bambancin hannun mai rai da na matacce, wannan hannun da ɗumi. Aka zaunar da shi. Saje ya tambaye shi bataliyarsu, bai sani ba. Ina ya kasance duk shekarun nan, ya ce can. Wa ya kawo shi Gombe, ya ce jirgi. Kansa ba daidai yake ba, sunansa kawai ya riƙe, da Kwadon, da keken. Sakatare yana ta duba agogo, yana cewa ofis ba gidan mahaukata ba ne, kuma ba za a rubuta mutum ɗaya a matattu da rayayyu ba. Saje ya ce masa a zamaninsu ko aljani ne ya zo da wandon kaki sai an ba shi tuwo kafin a tambaye shi lambarsa. Sannan ya juyo da kunnensa mai ji wajena, ya ce yaro, dube shi da kyau. Wannan ne wanda ka bari a bakin kogi, ko ba shi ba ne?

Mutumin yana kallona yana murmushi, irin na wanda yake jiran a gaya masa hanya. Na dubi ƙasa na ce suna kama ƙwarai, amma nawa ya mutu a hannuna, ni na rufe masa ido.

Edita, da ya yi ihu, da ya shaƙe ni, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya gyaɗa kai a hankali, kamar an warware masa wani abu da ya daɗe yana damunsa. Ya ce ashe haka ne, shi ya sa Inna ta rufe ƙofa. Ya matso kusa da ni har ina jin warin rana a jikinsa, ya ce ɗan'uwa, da na mutu ɗin, na sha ruwan kuwa? Na ce ka sha. Ya ce to alhamdulillahi, don ƙishin nan ya dame shi. Ya miƙe, ya ƙame, ya sara wa Saje da hannun nan mai guntun yatsa, ya bi hanyar tashar jirgin ƙasa. Kofur ya bi shi yana kira, bai waiwayo ba. Ga randa a gindin tsamiyar, ga moɗa a kai, ba wanda ya tuna ya ba shi, har ni.

Daga ranar ba a sake ganinsa ba. Ni kuma ban sake samun lafiya ba. Duk tsakar rana sai maƙogwarona ya bushe, in sha ruwa in sha, kamar ana zubawa a rairayi. In na jingine keken, sai in ji ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, in waiga ba kowa. Juma'a in Saje ya kira sunan, sai in tsaya ina saurare ko wani zai riga ni. Da kaka ta yi na kasa jurewa, na sami Saje shi kaɗai na gaya masa komai. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun ranar farko ya san ban taɓa fareti ba, daga yadda na ajiye ƙafa. Ya ƙyale ni ne don ya ɗauka sunan iska zan faɗa, kuma yaron da ya ɗauki mamaci ko na ƙarya ne yakan nutsu. Da Kofur ya ce ya san gidan, sai shi ma ya yarda Allah ne ya sa gaskiya a bakin maƙaryaci. Ya ce laifin namu ne mu biyu, amma shi ƙafarsa ta ƙare. Bai kai ni bariki ba. Ya ce in tuɓe rigar in ajiye, in je in gaya wa uwar, sannan in nemo shi.

Zuwa Kwadon na biyu ya fi mini komai wuya. Na tura keken har zaure, ta fito da murna tana ɗana ya zo. Na durƙusa na ce Inna, ban taɓa zuwa yaƙi ba, ban taɓa ganin kogin nan ba, wanda ya zo ƙofarki ɗanki ne. Sai ta ce, ya yi sallama sau uku. Ta sake cewa, sau uku ya yi, da muryarsa. Ba ta zage ni ba, ba ta tsine mini ba. Ta ce in rataye keken inda na same shi. Na rataye. Ta ce in fita.

Na bi layin dogo iyakar ƙarfina. Bauchi, Kuru, Kafanchan, har Makurɗi na kai, ina kwana a tasha ina tambayar masu shayi da 'yan dako. Wani ya ce ya ga mai irin yatsan yana tura baro, wani ya ce ya gan shi zaune kan gada yana kallon ruwa. Ko'ina na je an ce bai daɗe da tashi ba. Har yau ban same shi ba, kuma har yau ban san yadda aka yi sunansa da yatsansa suka zo bakina ba. Wani lokaci nakan ce ƙila na taɓa ɗaukarsa a mota, ko yana cikin layin nan na ƙofar bariki ranar da na gudu, ya shiga ni na fita. Allah ne masani.

Yanzu Saje ya rasu, Kofur ma ya bi shi. An sare tsamiyar an yi shaguna. Ƙungiyar tana nan, ta ma fi da ƙarfi, tana da mota da allo babba, tana ba da masu gadi har wasu garuruwa. Amma ba a kiran sunan kowa ranar Juma'a, kuma in ka tambayi samarin ofishin wa suka bari a can, dariya za su yi maka. Ni na koma gyaran keke a bakin hanya. Tsohuwar tana raye. An ce duk ranar kasuwa tana sauko da keken ta yi masa famfo, kuma yanzu ba ta rufe ƙofa ko da ruwa ake. Maƙwabcina ya sa na aika mata da maganar watsa ƙasar nan, an ce ta ajiye 'yar ƙwarya cike da ƙasa a bakin zaure.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar da ka yi don ka sami wuri ba a kanka take tsayawa ba, wani take faɗa wa, wanda ba ka ma san yana duniya ba. Kuma akwai lokacin da gaskiya take da amfani, in ya wuce ko ka faɗe ta ba ta tayar da kowa. Samari 'yan'uwana masu sha'awar kaki, kar ku sa rigar da ba ku biya kuɗinta da jikinku ba. Ku kuma masu riƙe da ƙungiyoyin mazan jiya, gadi sana'a ce mai kyau, amma ba don ita tsofaffin nan suka fara zama a gindin bishiya ba. In wani ya zo muku ba takarda, ba hankali, ku zaunar da shi tukuna.

Mai karatu, roƙona ɗaya ne. In kana bin tashoshin jirgi ka ga wani baƙi siriri mai wushirya, da guntun yatsa a hannun dama, kar ka gudu. Ka fara ba shi ruwa. In ya sha, ka gaya masa bai mutu ba, wanda ya ce ya mutu ƙarya yake, kuma ƙofar Inna a buɗe take.